Kwamfuta ce ta mayar da ni cikin mutane

Ni kurma ne, amma ba haka aka haife ni ba. Na yi ƙuruciyata ina ji ras. Na san muryar mahaifiyata, na san ta mahaifina, har gobe kuma ina iya tuno yadda kowannensu ke kiran sunana. Ina shekarun farko na sakandare ciwon sanƙarau ya kwantar da ni. Da yake akwai sauran kwana na tashi, sai dai na tashi babu kunne. Likita ya ce cutar ta lalata can ƙuryar kunnen ne, inda sauti ke juyewa ya zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa, saboda haka na'urar ƙara ji ba za ta tsinana mini komai ba. Na daɗe ina son in rubuta labarina, don duk lokacin da ake zancen abin da kwamfuta da intanet suka yi wa duniya, kasuwanci da siyasa da tarbiyyar yara ake ambata, ba kasafai ake tambayar irinmu ba. Mu ma kuwa muna da ta cewa.

Mai ji yana zaton sauti ne babban abin da kurma ya rasa. Rashin sauti ana sabawa da shi. Abin da ba a sabawa da shi shi ne rashin hira. Kana zaune a tsakiyar 'yan uwanka, ka ga kowa ya kwashe da dariya, ka taɓa na kusa da kai ka tambaye shi me aka ce, ya yi maka alama da hannu cewa ba komai, zai gaya maka anjima. Anjimar nan ba ta zuwa. Ba mugunta ba ce, mutanen gidanmu sun so ni iyakar so, amma wa zai tsayar da hira mai daɗi ya ɗauko biro da takarda? A hankali zancen da ke isowa gare ni ya koma umarni zalla: zo, tafi, ɗauko, kwanta. Karatu ma ya gagara, don malami yana juya baya ga allo bakinsa ya ɓace mini, ni kuwa da leɓɓansa nake ɗan tsintar abin da zan tsinta. Da ƙyar na kammala.

Da na fara neman aiki sai na ci karo da wayar tarho. Duk ofishin da na shiga, magana ɗaya ce: wa zai amsa waya in ta yi ƙara? Daga baya na karanta tarihinta, ya kuma taɓa ni sosai. Alexander Graham Bell, wanda ya yi rajistar tarho a 1876, malamin kurame ne a birnin Boston na Amurka, mahaifiyarsa ba ta ji sosai, matarsa Mabel kuma kurma ce tun tana ƙarama. Duk da haka na'urarsa ta haɗa masu ji da junansu ta bar kurame a waje har kusan shekara 90. Sai a 1964 wani masanin kimiyya kurma, Robert Weitbrecht, ya ƙera abin da zai sa keken rubutu mai aika saƙo ya yi aiki ta layin tarho, kurma ya buga rubutu a nan ya fito a takarda a can. Wannan ma kurame kaɗan ya isa, a ƙasashe masu arziki. Ni ban taɓa ganin irinsa da idona ba.

Yayana ne ya sauya mini rayuwa, Allah Ya saka masa da alheri. A tsakiyar shekarun 1990 ya kama hannuna ya kai ni inda ake koyar da kwamfuta. Ban so zuwa ba, don na gaji da wuraren da ake magana ina kallo. Malamin da muka tarar, da Yaya ya yi masa bayanina, bai ɗaga murya ba, bai kuma wage baki yana ja mini kalmomi kamar yadda mutane suka saba yi ba. Ya jawo kujera ya zaunar da ni kusa da shi. Allon baƙi ne ƙirin, sai wani ɗan layi fari yana ƙiftawa a kusurwar sama. Ya buga: "Sannu da zuwa. Yaya sunanka?" Sannan ya turo mini madannan gabana. Na yi ta laluben haruffa da yatsa ɗaya har na haɗa sunana. Ya janye ya buga: "Me kake so ka zama?" Na tsaya ina kallon tambayar. Tun da na kwanta ciwo ba wanda ya yi mini ita. Na buga masa: "Malam, ban sani ba." Ya buga: "To mu fara da wannan, sauran za su biyo baya." Haka muka yi ta musayar madannai, shi ya buga ni in buga, har aka tashi. Hira ce cikakkiya, mai tambaya da amsa da raha, irin wadda na fid da ran sake samu. A hanyar komawa gida Yaya ya ga ina share hawaye, bai tambaye ni ba.

Na kama koyo ba ji ba gani. A gaban kwamfuta ni da mai ji duk ɗaya ne, har ma na fi wasu natsuwa, tunda surutun ɗaki ba ya ɗauke mini hankali. Na haddace umarnin DOS, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a lokacin, na koyi buga rubutu ba tare da kallon yatsuna ba, na san yadda ake ajiye aiki a faifan flopi, wanda abin da yake ɗauka gaba ɗaya bai kai megabait ɗaya da rabi ba, hoto guda na wayar yau ma ba zai shiga ba. Da Windows 95 ta iso mana aka koma nuni da linzami, abin ya ƙara sauƙi.

Malamin nan shi ya fara ba ni tarihin na'urar, a rubuce. Ya ce kakarta, ENIAC, wadda aka nuna wa duniya a Jami'ar Pennsylvania a 1946, nauyinta ya kai kimanin tan 30, tana da kwalaben lantarki kusan 18,000, kuma don lissafin harba manyan bindigogin sojan Amurka aka gina ta. Mata shida ne suka fara tsara mata aiki, da hannu, suna sauya wayoyi da makunnai. Sai aka ƙirƙiro tiransisto, ɗan ƙaramin makunnin lantarki, a 1947, ya maye gurbin kwalaben. A 1971 kamfanin Intel ya tattara tiransisto 2,300 a kan ɗan guntu guda, a 1981 kuma IBM ta fitar da kwamfutar tebur da sauran kamfanoni suka yi ta kwaikwayo. Na kan yi tunanin wannan tafiya. Waɗanda suka yi ta ba su san da zamana ba, amma duk lokacin da na'urar ta ƙanƙance ta kuma yi araha, matsowa take yi kusa da mutum irina, wanda ba soja ba, ba farfesa ba.

Aikina na farko buga takardu ne a wani ofis. A nan na ga ɗaya fuskar abin. Kujerar da aka ba ni ta wani dattijo ce da ya yi shekaru yana aiki da tafireta. Gwani ne, ba ya kuskure, shi ya sa ake ji da shi, don a tafireta kuskure ɗaya kan sa a sake shafi. Kwamfuta ta zo ta mayar da gyaran kuskure abin danna maɓalli guda, gwanintarsa ta rasa mai saye. An mayar da shi ɗakin ajiyar fayil kafin ya yi ritaya. Bai taɓa nuna mini ƙyashi ba, shi ya ma koya mini tsarin wasiƙar ofis. Na roƙe shi a takarda: "Baba, ka bari in koya maka, ba wuya." Ya rubuta mini cewa idonsa ba ya jure hasken allon, kuma lokacinsa ya wuce. Na'urar da ta buɗe mini ƙofa ita ta rufe tasa, kuma duk wanda zai ba da labarin kwamfuta da gaskiya dole ya faɗi duka biyun.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 aka haɗa ofishinmu da intanet ta layin tarho. Abokan aiki suna yamutsa fuska saboda kukan da modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, ke yi kafin ta haɗu, ni kuwa 'yan fitilunta nake kallo, in sun tsaya da rawa na san an shiga. Aka buɗe mini adireshin imel. Abin da imel ya yi mini ya wuce bayani. A cikinsa ba wanda ya san ni kurma ne sai in na faɗa. Akwai wani ma'aikaci a reshenmu na wani gari da muka daɗe muna aiki tare ta imel, muna gardama, muna shawara, yana neman ra'ayina kafin ya yanke hukunci. Ranar da ya zo ofishinmu ya tsaya a kaina yana magana, sai da aka gaya masa. Ya yi turus. Amma ya riga ya san hankalina kafin ya san kunnena, shi ya sa bai koma yi mini kallon abin tausayi ba. Da a fuska muka fara haɗuwa, na tabbata da ba haka aka yi ba.

Son sanin wanda ya ƙirƙiro wannan abu ya sa na shiga bincike. Na karanta yadda a ranar 29 ga Oktoban 1969 aka aika saƙon farko a kan ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci da ta zama tushen intanet, daga Jami'ar California da ke Los Angeles zuwa cibiyar bincike ta Stanford, harafi biyu kawai suka isa na'urar ta tsaya. Na karanta yadda Ray Tomlinson ya aika imel na farko tsakanin kwamfutoci a 1971, ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da na na'urarsa. Sannan na zo kan Vint Cerf, wanda shi da Bob Kahn suka fitar a 1974 da ƙa'idar da ke sa cibiyoyin kwamfuta daban-daban su fahimci juna, ƙa'idar da ARPANET ta koma kanta ranar 1 ga Janairun 1983, wadda har yau a kanta intanet ke tafiya. Ashe Cerf yana da matsalar ji, tun yana ɗan shekara 13 yake sa na'ura a kunne. Matarsa Sigrid kuwa kurma ce tun tana 'yar shekara 3, kuma sanƙarau ne ya kurmantar da ita, ciwon da ya kurmantar da ni. Na buga shafin a takarda na kai wa Yaya. Ba na cewa don kurame aka gina intanet, kuɗin ma'aikatar tsaron Amurka ne suka fara ɗaukar nauyinta. Amma sanin cewa cikin waɗanda suka aza tubalinta akwai wanda ya san wahalar amsa tarho, wanda rubutu ya fi masa murya sauƙi, ya sa na daina jin kamar baƙo ne ni a ciki.

Shafukan yanar gizo kuwa su suka zama mini makarantar da na rasa. Tim Berners-Lee ya tsara su a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Geneva a 1989, a 1993 kuma cibiyar ta sake su kyauta ga kowa. Da an sa musu kuɗi, ban san ko da sun iso gare ni ba. Malamin da ke cikin shafi ba ya juya baya. In ban gane ba in koma sama in sake karantawa, ba wanda zai gaji da ni. Ta nan na koyi gyaran kwamfuta da lissafin ofis. Ta nan kuma na san ba ni kaɗai ba ne: akwai jami'a sukutum ta kurame, Gallaudet, a birnin Washington tun 1864, kuma maganar hannu harshe ce mai nahawunta, har ta Amurka da ta Ingila sun sha bamban duk da cewa Ingilishi ake yi a ƙasashen biyu. A da ina gudun maganar hannu, ina ganin kamar tallar nakasata ce. Bayan wannan karatu na nemi kurame 'yan uwana na zauna na koya a hannunsu.

Sai wayar hannu ta zo da gajeren saƙo. An aika na farko a Ingila a watan Disamban 1992, kuma harafi 160 aka ƙayyade masa. Masu ji sun ɗauke shi ƙaramin ƙari a kan kira, mu kuwa shi ne wayar gaba ɗaya. A karon farko aka iya nemana daga nesa ba tare da ɗan aike ba: wayar ta girgiza a aljihu, in ciro in karanta. Da gajeren saƙo na nemi matata, wadda take ji lafiya lau. Takan ce ƙarancin haruffan ne ya koya mini faɗin abin da ke raina kai tsaye.

Ba zan ɓoye cutarwar ba. Intanet ta kawo masu tallar maganin kurumta na ƙarya har cikin ɗakunanmu, da hotunan kafin da bayan, suna tatsar iyayen da suka ɗimauce. Na san yaron da aka yi ta ɗiga wa wani ruwa a kunne saboda bidiyon da uwarsa ta gani, har kunnen ya kama ruwa. Akwai masu kwaikwayon kurame don a yi dariya a tara mabiya. Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne, duk alherin da na lissafa ya same ni ne don na iya karatu kafin in kurmance. Yaron da aka haifa kurma, ba a sa shi makaranta ba, rubutun allo bai amfane shi da komai ba, sai da kiran bidiyo ya zo ya samu damar yin maganar hannu daga nesa, shi ma in yana da waya mai kyau da layi mai ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kimanin miliyan 430 ne ke fama da raunin ji mai nakasarwa, mafi yawansu kuma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke, inda intanet ɗin ma ba ta gama isa ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Intanet ɗin da ta karɓe ni ta rubutu ce, wadda muke ciki yau kuwa tana komawa ta murya. Daga wajajen 2013 manhajojin hira suka sauƙaƙa aika saƙon murya, mutane suka rungume shi. A zauren danginmu sai in buɗe waya in tarar da saƙonni jere, kowanne ɗan layi ne da maɓallin kunnawa, a ƙasa kuma ana ta turo fuskokin dariya. In tambaya me aka ce, a ce mini ba komai. Zaman da na yi a tsakar gida ina yaro ya biyo ni cikin waya.

Amma ba zan iya tsine wa saƙon murya ba, saboda Inna. Mahaifiyata ba ta yi karatu ba. Duk shekarun da nake murnar imel da gajeren saƙo, ita tana waje, sai an karanta mata, sai ta nemi mai rubuta mata. Saƙon murya ne ya shigo da ita, ita da miliyoyin irinta. Yanzu takan danna da kanta ta yi wa kowane ɗa nata magana, har da ni. In nata ya shigo nakan kira 'yata ta fari. Ta sa wayar a kunne, ta saurara, ta tsayar, ta rubuta mini a takarda, ta sake kunnawa. Na hana ta taƙaitawa. Na ce mata: "Duk abin da Kaka ta ce ki rubuta, ko maimaici ne, ko tari ta yi ki sa." Wata rana a ƙasan takardar ta ƙara da cewa: "Baba, a nan muryarta ta yi rawa." Takardun nan duk suna nan na adana. Ni da mahaifiyata waya iri ɗaya muke riƙe, abin da ya buɗe mata shi ya rufe mini, sai jikarta ta tsaya a tsakani.

Shekarar 2020 ta tsananta abin. Takunkumin fuska ya rufe leɓɓan da nake karantawa, taron ofis ya koma ta bidiyo, fuskoki ƙanana suna motsi ban san wa ke magana ba. Abin da ya cece ni shi ne rubutun da na'ura ke fitarwa da kanta daga magana. YouTube ta fara shi a 2009, kuma cikin injiniyoyin da suka jagoranci aikin akwai Ken Harrenstien, wanda shi ma kurma ne. A 2019 Google ta fitar da Live Transcribe tare da haɗin gwiwar Jami'ar Gallaudet, ka ajiye waya a tebur tana rubuta abin da ake faɗa nan take. In da Ingilishi ake taron, ina bi tiryan-tiryan. Da zarar an juya zuwa Hausa, harshen da nake mafarki da shi, sai rubutun da nake samu ya rikice ko ya ɗauke. Dalilin a fili yake. Na'ura tana koyon ji ne daga dubban sa'o'i na magana da aka naɗa aka haɗa da rubutunta, harshen da aka tara wa da yawa shi take ƙwarewa a kai. Hausa tana da masu magana miliyoyi, amma abin da aka naɗa aka rubuta daidai bai taka kara ya karya ba.

Shi ya sa nake roƙon duk mai ɗora bidiyo ya daure ya sa rubutun abin da yake faɗa a ƙasa, mai aika saƙon murya a zaure kuma ya bi shi da layi ɗaya na rubutu in ya san akwai kurma a ciki. A gidana mun ɗauki namu ɓangaren. Akwai shirin Common Voice na gidauniyar Mozilla, wanda ke tara muryoyin masu sa kai a harsuna da yawa, har da Hausa, ya bar su a buɗe ga duk mai son gina manhaja. Ni ba zan iya sauraron naɗin kowa in tantance ba, don haka jimloli nake rubutawa, matata da yara su karanta su naɗa. A ƙarshen mako kuma ina koya wa wasu yara kurame karatu da buga rubutu a tsohuwar kwamfutata. Ƙaramarsu ta fara haɗa jimla da kanta, kuma na sa ta riƙa turo wa mahaifinta saƙo kullum, shi ma na roƙe shi ya riƙa ba ta amsa a rubuce.